Lahcen Ahansal, Gwarzon Gudun Sahara: Yadda Jikin Ɗan Adam Ke Jure Zafi da Nisa

Gudun yada-ƙanin-wani, wanda wasu ke kira gudun famfalaki, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. An fara amfani da wannan awo a wasannin Olamfik na birnin Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a 1921. Duk tseren ƙafa da ya zarce wannan awo, masana wasanni suna sa shi a wani rukuni na daban, wanda a wannan maƙala za mu kira shi dogon famfalaki. A Afirka ta Kudu akwai tseren Comrades, mai tsawon kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, wanda aka fara tun 1921. A ƙasar Girka akwai na kilomita 246 daga Atina zuwa Sparta, inda Yiannis Kouros ya yi suna. Shi ne kuma ya gudu kilomita 303 cikin awa 24 a 1997. Amma wanda ya fi kusa da mu, ta fuskar yanayi da irin rayuwar mutanen da suka shahara a cikinsa, shi ne wanda ake yi a hamadar kudancin Maroko, wato Marathon des Sables, ma'ana Tseren Yashi. Mutumin da ya fara lashe wannan tsere har sau 10 ɗan makiyaya ne mai suna Lahcen Ahansal, kuma ta kansa ne muke son mu duba yadda jiki ke fama da zafi da ƙishirwa da yunwa a doguwar tafiya.

Tseren Yashi

Wani Bafaranshe mai suna Patrick Bauer ne ya ƙirƙiro tseren. A 1984 ya yi tafiyar ƙasa shi kaɗai a Saharar Aljeriya, kilomita 350 cikin kwana 12, yana goye da ruwansa da abincinsa. Bayan shekara biyu, a 1986, ya shirya gasar farko a Maroko da mutum 23 kacal. Daga baya masu shiga suka riƙa kai ɗaruruwa, wani zubin har fiye da dubu, daga ƙasashe daban-daban.

Tsawon hanyar yakan sauya daga shekara zuwa shekara, amma yakan kai kimanin kilomita 250, wato ya ɗan zarce nisan Kano zuwa Kaduna. Ana raba shi zango shida cikin mako guda, kuma a ciki akwai zango ɗaya mai tsawon kilomita 80 ko fiye, wanda yawancin masu gudu sai dare ya riske su a hanya. Ƙa'idar da ta bambanta wannan tsere da sauran ita ce kowa ya ɗauki guzurinsa. Masu shiryawa ruwa kawai suke bayarwa, shi ma a ƙididdige, sai rumfar kwana da likitoci. Abincin mako guda da abin shimfiɗa da kamfas da fitila duk suna cikin jakar da mutum ya goya, wadda doka ta ce kada ta gaza kilo 6 da rabi, kada kuma ta wuce kilo 15. Zafin rana a wurin yakan haura digiri 40, wani lokaci ya doshi 50.

Abin ba wasa ba ne. A 1994 guguwar yashi ta ɓatar da wani ɗan Italiya, Mauro Prosperi, sai bayan kwana 9 aka same shi a cikin ƙasar Aljeriya, ya rame ƙwarai. A 2021, da aka ɗage tseren zuwa watan Oktoba saboda annobar korona, zafi ya yi tsanani har mutum ɗaya ya rasu, kusan rabin waɗanda suka fara kuma suka kasa kaiwa ƙarshe.

Ɗan makiyaya daga Zagora

An haifi Lahcen, wato Alhasan a bakinmu, a 1971 a yankin Zagora, cikin iyalin makiyaya na ƙabilar Barbar, waɗanda harshensu dangin na Abzinawa ne. Zagora gari ne na dabino a kwarin kogin Dara, a bakin hamada, kuma tsohon zangon ayari ne. Har yanzu akwai wani sanannen allo a garin da ke cewa daga nan zuwa Tambutu tafiyar kwana 52 ce a kan raƙumi. Yarantarsa ta kiwo ce, bin awaki da raƙuma a kan duwatsu da rairayi, daga baya ya shiga makaranta a gari. Tun yana ɗalibi aka san shi da gudu.

A farkon shekarun 1990 tseren ya biyo ta yankinsu. Kuɗin shiga ya fi ƙarfin saurayi irinsa nesa ba kusa ba, don haka sai ya kutsa cikin masu gudu ba rajista, ba lamba a ƙirji, ya kuma shige gabansu. Wannan karambani ne ya sa masu shirya gasar suka san da shi, aka buɗe masa ƙofa. Bai yi nasara nan take ba, sai da ya shafe 'yan shekaru yana koyon abin da ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya bayarwa, wato yadda ake raba ƙarfi a kan kwana bakwai. Ya zo na ɗaya a 1997. A 1998 ƙanensa Mohamad Ahansal ya karɓa. Daga 1999 har zuwa 2007 kuwa, shekara tara a jere, ba wanda ya sha gaban Lahcen, kuma sau da dama ƙanen nasa ne ke biye da shi a matsayi na biyu. Shi ma Mohamad ya ci gaba ya lashe a 2008 da 2009 da 2010 da 2013. Idan aka haɗa, gida ɗaya ya ɗauki kambun sau 15.

A shekarun da Lahcen ke kan ganiyarsa, jimillar lokacin da yake kashewa a zangunan duka ba ta cika kai awa 20 ba, alhali na baya-baya sukan ninka haka sau biyu ko uku. 'Yan'uwan biyu sun mayar da sunan da suka yi hanyar abinci: suna yi wa baƙi jagora a hamada, suna horar da masu gudu, suna kuma shirya nasu tseren a Zagora. Wanda ya gaje su, Rachid El Morabity, shi ma ɗan wannan yanki ne. Ya fara lashewa a 2011, ya kamo adadin Lahcen na nasara 10 a 2024, ya wuce shi a 2025.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa gari ɗaya ya mamaye gasar da Turawa masu kuɗi da likitoci da takalma na musamman ke zuwa kowace shekara? A wajenmu da an ga haka wasu za su ce akwai asiri. Amsar da kimiyya ke bayarwa ta fi wannan daɗin ji, kuma tana farawa ne daga lissafin zafi.

Jiki murhu ne

Tsokar ɗan Adam ba ta iya mayar da dukkan ƙarfin da ke cikin abinci ya zama motsi. Abin da ke tafiya ga aiki bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran kashi ukun zafi ne. Masana sun auna cewa gudun kilomita ɗaya a ƙasa mai tauri yana cin kimanin kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyin mutum. (Kalori a nan shi ne wanda ake rubutawa a jikin gwangwanin madara, wato adadin zafin da zai ƙara wa lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya.)

To, mu ɗauki mai gudu mai nauyin kilo 60 da ke cin kilomita 12 a awa, wanda kusan shi ne saurin su Lahcen. A awa ɗaya ya ƙona kalori 720. Kashi uku cikin huɗu na wannan, kalori 540 ke nan, zafi ne da ya taru a cikin jikinsa. Kalori 50 sun isa su ɗaga zafin jikin mutum mai wannan nauyi da digiri ɗaya. Ke nan da a ce zafin ba shi da mafita, da cikin minti 20 ya tashi daga digiri 37 na lafiya ya haura 40, inda ƙwaƙwalwa ke fara rikicewa. Kuma a wannan lissafi ba mu sa zafin da rana ke ƙara masa daga sama ba, ko wanda yashi ke turo masa daga ƙasa. Ba mu kuma sa wahalar rairayi ba: wani bincike da masana a ƙasar Beljiyam suka buga a 1998 ya nuna cewa gudu a kan yashi yana cin ƙarfi ninki 1.6 na gudu a ƙasa mai tauri, domin ƙafa tana nutsewa, yashin kuma ba ya mayar wa ƙafa da ƙarfin da ta buga. Duk wanda ya taɓa tsallaka busasshen rafi da rani ya san haka ba tare da alƙaluma ba.

Idan iska ta fi fata sanyi, jiki yakan zubar da wani zafin kai tsaye cikin iskar. Amma da zarar zafin iska ya wuce digiri 35 ko 36, wannan hanya ta toshe, iskar ma ƙara wa jiki zafi take yi. Abin da ya rage shi ne gumi. A fatar mutum akwai ƙananan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa 4, kuma duk lita ɗaya ta gumi da ta bushe a kan fata tana tafiya da kimanin kalori 580. Sai a kwatanta da 540 ɗin da muka samu a sama: mai gudunmu yana buƙatar aƙalla lita ɗaya ta bushe a jikinsa kowace awa kafin ya tsira, kuma a zafin hamada abin yakan kai lita biyu.

A lura da kalmar bushewa. Gumin da ya tsiyaya ya ɗiga ƙasa asara ce, bai sanyaya komai ba. Misalin wannan yana tsakar gidan kowa a Bagwai. Randar ƙasa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafo, iska na busar da damshin bayanta, bushewar kuma na janye zafi daga ruwan ciki. Bokitin roba ba ya tsattsafo, shi ya sa ruwansa ke ɗumi. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Randa ta fi sanyi da rani a kan damina, domin busasshiyar iska ce ke shan ruwa. Haka jiki yake. Wannan ne dalilin da ya sa ake iya gudu a Sahara a digiri 45, alhali digiri 33 a rana mai gumi ta watan Yuni, bayan an yi yayyafi iska ta cika da laima, kan iya kayar da ƙato a gona.

Jiki yana koyon zafi, kuma cikin sauri. Idan mutum ya yi kwana 10 zuwa 14 yana motsa jiki a cikin zafi, ruwan jininsa yakan ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri kuma da yawa, bugun zuciya ya ragu a kan aiki iri ɗaya, gishirin da ke fita cikin gumi shi ma ya ragu. Bature mai wayo yakan yi wannan shiri kafin ya sauka Maroko. Sai dai abin da ba ya samuwa cikin mako biyu shi ne abin da shekarun kiwo suka ba Lahcen: ƙafa da jijiyoyin da suka saba da dutse da rairayi, jiki marar nauyi, idon da ke gane inda yashi ya daskare a gefen tudu da inda zai rufta, da sanin irin saurin da mutum zai iya riƙewa har la'asar ba tare da ya ƙone ba. A ganina wannan na ƙarshe shi ne babba. A dogon famfalaki, wanda ya fi kowa sauri da hantsi ba kasafai ake ganinsa a gaba da yamma ba.

Ruwa da gishiri

Gumi daga jini yake fitowa. Idan ya yi ta fita ba a mayar ba, jinin yakan ragu, zuciya ta shiga tsaka mai wuya, domin tana son ta kai jini ga tsokoki su yi aiki, tana kuma son ta kai shi ga fata ya huce. Da asarar ruwa ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, ƙarfin mai aiki a cikin zafi yakan fara raguwa. Don haka ake ajiye wa masu Tseren Yashi ruwa a tashoshi, kimanin kowane kilomita 10.

Amma akwai wani haɗari a ɗaya ɓangaren da mutane da yawa ba su sani ba. Gumi yana ɗauke da gishiri, shi ne farin zanen da ake gani a bayan rigar manomi idan ta bushe. Wanda ya yi awanni yana zubar da gumi, yana kuma ɗura ruwa zalla fiye da abin da yake fitarwa, sinadarin sodiyam na jininsa yakan tsinke. Idan ya sauka ƙasa da awo 135, ruwa yakan fara kutsawa cikin ƙwayoyin jiki, har da na ƙwaƙwalwa, su kumbura. Alamunsa ciwon kai ne da amai da ruɗewa, yana kuma kisa. Farfesa Tim Noakes na Jami'ar Cape Town da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan a 1985, daga masu dogon gudu a Afirka ta Kudu. Wani bincike a kan waɗanda suka yi tseren Boston na 2002 ya gano matsalar a jikin kashi 13 cikin 100 na mutum 488 da aka gwada. Saboda haka a shekarun baya masu shirya Tseren Yashi suka riƙa raba wa masu gudu ƙwayoyin gishiri tare da ruwa. Bafulatanin da ke sayen kantun gishirin Bilma don shanunsa ya riga likitocin wasanni fahimtar cewa rai ba ya tsayuwa da ruwa kaɗai.

Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa yana aiki a nan ma, domin hanji ya fi saurin tsotse sodiyam da ruwa idan akwai sukari tare da su. Awon da ake koyarwa yanzu shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Guzuri

Dokar tseren ta tilasta wa kowa ya ɗauko abincin da bai gaza kalori 2,000 a rana ba, wato 14,000 a mako. Mu koma ga mutuminmu mai kilo 60. Gudun kilomita 250 kaɗai zai ci masa 15,000, ban da ƙarin yashi da nauyin jaka, ban da kuma kusan 1,500 da jiki ke ƙonawa kullum ko mutum na kwance. Abin da ya goyo bai kai abin da zai kashe ba, kuma na gaba-gaba da gangan suke rage kaya don jaka ta yi sauƙi. Ina cikon yake fitowa?

Jiki yana da rumbu biyu. Na farko ƙarami ne, wani nau'in sitaci da ake kira gilaikojin, wanda ke ajiye a hanta da tsokoki; dukkansa bai wuce kalori 2,000 ba, yana kuma ƙarewa cikin awa biyu na gudu mai tsanani. Na biyu shi ne kitse. Giram ɗaya nasa yana da kalori 9, don haka ko siririn mutum mai kitsen kilo 6 kacal yana ɗauke da fiye da 50,000. Matsalar kitse ita ce a hankali yake ci, kamar gawayi, gilaikojin kuwa kamar kara ne, ya kama da wuri ya mutu da wuri. Doguwar tafiya da gudu a hankali na shekaru suna ƙara wa tsoka ƙananan jijiyoyin jini da kuma maitokondiriya, wato ɗakunan da ake ƙona abinci a cikin ƙwayar halitta, ta yadda mutum zai iya gudu da sauri yana cin kitse, yana tanadin gilaikojin don hawan tudu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro, da ayarin Abzinawa da ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Bilma, tafiyar fiye da kilomita 500, a kan wannan rumbu na biyu suka dogara, da ɗan gero da cuku da dabino a burgami.

A gida

A Nijeriya an fi mayar da hankali ga gajeren gudu. Bajintar awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6 da Abbas Mohammed ya kafa a gudun yada-ƙanin-wani a Legas a 1990 ta shafe fiye da shekara 30 ba ɗan ƙasa da ya karya ta, kuma tun da aka fara babban tseren birnin Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka. 'Yan gida da ke taɓukawa galibi daga tsaunukan Filato suke fitowa. Amma a ƙauyukan Bagwai da Shanono da Bichi akwai yara masu takawa kilomita da dama kullum zuwa makaranta, su dawo su tafi gona ko kiwo. Ba a ce kowannensu Lahcen ne ba, gado da horo da abinci duk suna da nasu rabo. Abin da ake cewa shi ne ba wanda ya taɓa riƙe agogo ya auna su, kuma gasar gidaje ta makarantunmu da wuya ta wuce zagaye huɗu na fili.

Malamin da zai gwada yana da nauyi a wuyansa. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, don haka da sanyin safiya ake dogon gudu, a kuma ƙara nisa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ba a sa mai azumi, ko mai zazzaɓi, ko wanda ya tashi daga gudawa. Yaro mai amosanin jini ba ya shiga sai da izinin likita. Ko masu ɗauke da rabin ƙwayar cutar, waɗanda a Nijeriya sun kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar, ana so a bi da su a hankali a bar su su huta idan sun nema, domin aiki mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ya fi yi musu illa. Idan yaro ya fara tangaɗi ko sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, to bugun zafi ne: a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, kada a ɗura masa komai idan ba ya cikin hayyacinsa, a kuma garzaya da shi asibiti. Wannan ya shafi masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Watari kamar yadda ya shafi 'yan wasa.

Gwaji biyu a aji

Na farko yana buƙatar ma'aunin zafi biyu. A naɗe gindin ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga, a bar ɗayan haka nan, a rataye su a inuwa inda iska ke kaɗawa, a karanta bayan minti 10. A watan Maris ko Afrilu bambancin zai iya wuce digiri 10. A rubuta a ajiye, a sake gwajin a watan Agusta ko farkon Satumba, za a tarar bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba. Sai ɗalibai su bayyana a wane watan ne gumi ya fi amfanar jiki.

Na biyu yana buƙatar sikelin awon mutum, wanda za a iya arowa daga ɗakin shan magani. A auna ɗalibai biyar masu lafiya kafin wasan motsa jiki na minti 40, a rubuta yawan ruwan da kowa ya sha a tsakani, a goge gumi, a sake auna su. Kilo ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Nauyin da ya ragu, a haɗa da ruwan da aka sha, shi ne gumin da ya fita. Daga nan kowa ya lissafa abin da zai zubar a awa ɗaya, ya ninka da 580 don ya ga iyakar zafin da gumin zai iya kwashewa, sannan ya ƙiyasta lita nawa zai buƙata da a ce shi ne zai yi zangon kilomita 80 cikin awa 12.